Corvette Z06, Shelby GT500 ko Hellcat Redeye: wacce ta dace da kai?

Hotuna uku ƙanena ya turo min daga Texas a dare ɗaya, da kalma biyu a ƙarƙashinsu: "Yaya, wacce?" Ta farko Corvette Z06 ce ruwan ɗorawa, ta biyu Mustang Shelby GT500 shuɗiya mai farin layi biyu a gadon baya, ta uku Dodge Challenger Hellcat Redeye baƙa wuluk. Ya daɗe yana tara kuɗin, kuma zuciyarsa ta riga ta karkata ga Hellcat, don a lissafinsa dawakai 797 na Hellcat sun fi 760 na GT500, sun kuma fi 670 na Z06. A nan na ce masa ya dakata. A cikin ukun nan, wadda ta fi ƙarancin ƙarfin doki ita ce ta fi saurin tashi daga tsaye, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Wanda ya fahimci dalilin haka ya ci rabin zaɓin.

Abin da za mu auna su da shi

Na farko, yadda ƙarfin injin ke isa ƙasa. Ƙarfin da taya ta kasa riƙewa hayaƙi yake zama. Na biyu, jure zafi, wato ko motar za ta iya maimaita a zagaye na goma abin da ta yi a zagayen farko. Na uku, zaman yau da kullum: shiga da fita, wurin kaya, wurin yara, tsallake tudun rage gudu. Na huɗu kuɗi, na saye da na riƙo. Na biyar ƙarko. Na shida haɗari, kuma haɗarin kala uku ne: na direban kansa, na ɓarayi, da na tarihin da mai sayarwa ya ɓoye.

Kalma biyu za su yi ta dawowa, gara a warware su tun yanzu. Ƙarfin murɗa shi ne wanda kake ji a bayanka lokacin da ka taka totur motar ta manna ka da kujera. Ƙarfin doki kuwa shi ne ƙarfin murɗar nan idan aka haɗa shi da saurin juyin inji. Inji na iya samun dawakai da yawa ta hanya biyu: ko ya murɗa da ƙarfi sosai, ko ya yi juyi da sauri sosai. Ford da Dodge sun bi ta farko, sun ɗora wa injinansu sufacaja, na'urar da bel ke juyawa tana ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Chevrolet ta bi ta biyu.

| Ma'auni | Corvette Z06 | Shelby GT500 | Hellcat Redeye |
|---|---|---|---|
| Shekarun ƙira | 2023 zuwa yau | 2020 zuwa 2022 | 2019 zuwa 2023 |
| Inji | V8, lita 5.5, ba sufacaja | V8, lita 5.2, da sufacaja | V8, lita 6.2, da sufacaja |
| Mazaunin inji | bayan direba | gaba | gaba |
| Ƙarfin doki | 670 | 760 | 797 |
| Ƙarfin murɗa | Nm 624 | Nm 847 | Nm 959 |
| Daga tsaye zuwa kilomita 96 a awa | daƙiƙa 2.6 | daƙiƙa 3.3 | daƙiƙa 3.4 |
| Giya | 8, kulochi biyu | 7, kulochi biyu | 8, otomatik |
| Nauyi, kimanin | kilo 1,670 | kilo 1,900 | kilo 2,000 |
| Kujeru | 2 | 4 | 5 |
| Wurin kaya | lita 357 | lita 382 | lita 459 |
| Tanki | lita 70 | lita 61 | lita 70 |
| Farashin farawa a shekarar fitowa | dala 106,395 | dala 73,995 | kusan dala 73,000 |

Lokutan tashi na kamfanonin ne, a kan kwalta mai kyau da taya mai ɗumi.

Corvette Z06

Tun 1953 ake ƙera Corvette da inji a gaba, har zuwa ƙirar 2020 da aka ɗauke shi aka mayar bayan kujerar direba. Injiniyan nan Zora Arkus-Duntov ya yi ta roƙon a yi haka tun shekarun 1960, ya rasu bai gani ba. Canjin ya sa kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar ya koma kan tayoyin baya, waɗanda su ne ke tura ta. Idan ta yunƙura, nauyi ya ƙara zubewa baya, tayar da faɗinta ya kai milimita 345 ta ƙanƙame kwalta, sai tafiya. GT500 da Hellcat suna da fiye da rabin nauyinsu a gaba, a kan tayoyin da ba su tura komai, shi ya sa a giyar farko da ta biyu kwamfutarsu ke ta rage wuta don kada baya ya ɓalle. Ga amsar abin da ya ɗaure wa ƙanena kai.

Injin nata, LT6, shi ne abin da ake biyan kuɗin dominsa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. A V8 irin na Amurka da aka saba, hannuwan karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, suna fuskantar kusurwa huɗu, kamar alamar tarawa idan ka dube shi daga gaba. Wannan ne ke ba da ruri mai gurnani da kowa ya sani, amma yana buƙatar manyan ƙarafan daidaita nauyi, waɗanda ke hana inji saurin tashi. A LT6 hannuwan a layi ɗaya suke, shimfiɗe, kamar yadda Ferrari ke yi. Karanshaf ya yi sauƙi, wutar silinda tana kamawa ɓangaren dama, ɓangaren hagu, bi da bi, hayaƙi yana fita ba cunkoso. An rage tafiyar fistin zuwa milimita 80 kacal, aka yi sandunan fistin da bawul ɗin shigar iska da ƙarfen titaniyam. Da haka injin ke kai juyi 8,600 a minti, ya ba da dawakai 670 a juyi 8,400 ba tare da an ɗura masa iska ba. Babu wani V8 marar sufacaja ko tabo a motar kasuwa da ya taɓa kai wannan kafin shi. Injiniyoyin ba su ɓoye ba cewa sun sayi injin wata Ferrari 458 da ta yi haɗari a Turai, suka warware shi don su koya. Kowane LT6 mutum ɗaya ne ke harhaɗa shi da hannu a Bowling Green ta jihar Kentucky, sunansa kuma yana kan wani ɗan faranti a jikin injin.

Abin da aka bayar a madadin wannan shi ne ƙarfin murɗa a ƙasa. Nm 624 ɗin sai an kai juyi 6,300 yake cika. A cikin gari, a giya ta sama, Z06 ba ta da naushin da sauran biyun ke da shi, sai ka sauke giya biyu ko uku injin ya fara kuka. Kukan ma daban ne, siriri ne mai kaifi, kuma na san masu son motocin Amurka da suka ji shi suka ce su ba wannan suka zo nema ba.

A jure zafi ita ce gaba. Chevrolet ta sha magana a kan Z06 da ta gabata, ta 2015 zuwa 2019, mai sufacaja da dawakai 650, wadda masu ita suka yi ta ƙorafin tana zafi ta rage gudu a filin tsere. Cire sufacaja ya cire babban tushen zafin. Baƙin mai kuma ba a kaskon ƙasan inji yake zama ba, a wani tanki daban yake, famfo yana zuƙowa yana mayarwa, don kada injin ya rasa mai a doguwar kwana. Wannan na da ɗan sharaɗi da bakaniken da bai saba ba zai iya kuskurewa: ana duba man ne injin yana aiki kuma ya yi ɗumi. Wanda ya duba da sanyin safiya injin a kashe zai ga kamar ya ragu, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima.

Zaman yau da kullum shi ne rauninta. Na taɓa shiga ɗaya ran Juma'a da babbar riga, sai da na tuɓe hula, na tattare rigar a cinya, na zura ƙafa ɗaya sannan na zube ciki kamar mai shiga kwalekwale. Fitowa a ƙofar masallaci ta fi shiga wuya, ga jama'a suna kallo. Kujera biyu ce, ba ta uku. Wurin kaya an raba shi gida biyu, ƙarami a gaba da wani a bayan inji wanda ke ɗaukar zafi, kada ka sa nama ko madara a can. Hancinta ƙasa yake ƙwarai. Akwai na'urar da ke ɗaga shi kimanin milimita 40 idan ka danna maɓalli, tana kuma iya haddace wurare har 1,000 ta ɗaga da kanta idan ka iso, amma ba kowace Z06 ke zuwa da ita ba. Idan za ka saya, ka nemi mai ita.

Ita ce mafi tsada, farashinta kuma ya ƙaru tun 2023, ban da harajin da gwamnatin Amurka ke ɗora wa motoci masu shan mai da kuɗin ƙarin kaya. Sai dai ita kaɗai ce cikin ukun za ka iya saya sabuwa fil, da garantin inji da giya na shekara 5 ko mil 60,000. A batun ƙarko, gaskiyar magana ita ce LT6 yaro ne. An gwada zuriyarsa a motar tsere ta C8.R tun 2020, amma bai yi shekarun da za a ce ga yadda yake tsufa a hannun mutane ba, kuma idan ya lalace bayan garanti, ba gyaran kowane gareji ba ne. A 2025 kamfanin ya kira Z06 don gyara wata matsala ta fetur da ka iya zuba kusa da fankar lagireto a lokacin shan mai. Mai sayen ta hannu ya tabbatar an yi wannan gyaran.

Shelby GT500

Sunan na Carroll Shelby ne, mutumin Texas da ya yi kiwon kaji kafin ya ci tseren Le Mans a 1959, kuma GT500 ta farko ta fito a 1967. Wadda muke magana a kai an harhaɗa ta a Flat Rock ta jihar Michigan. Ford ta riga Chevrolet gwada shimfiɗaɗɗen karanshaf, a Mustang GT350 mai dawakai 526, amma da ta zo yin GT500 sai ta koma na gargajiya ta ɗora sufacaja mai lita 2.65 a saman injin. Sakamakon shi ne ƙarfi a ko'ina: a juyi 3,000 akwai, a 7,000 akwai.

Abin da ya sa nake girmama motar nan shi ne ƙoƙarin da aka yi na ladabtar da nauyi. Kilo 1,900 ba wasa ba ne, kuma mafi yawansa a hanci yake. Aka ba ta faifan birki na gaba mai faɗin milimita 420, shokozoba mai ruwan maganaɗisu da ke taurara ko sassautawa cikin ƙiftawar ido, da giyar Tremec mai kulochi biyu da ke canzawa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Sufacaja idan ta matse iska, iskar zafi take yi, kuma iska mai zafi na sa kwamfuta ta rage wuta. Don haka gaban motar kusan duk rami ne na shigar iska zuwa lagiretoci, a kan bonet kuma akwai wata babbar taga mai fiffike ta fitar da zafi. A ƙarƙashin tagar akwai tire na tare ruwan sama da ake kwancewa ran da za a shiga filin tsere. Ta kan yi rubu'in mil, wato mita 402, cikin daƙiƙa 10.7, ta kuma shiga kwana da natsuwar da ba ka zata daga mota mai wannan jiki ba. An ƙayyade gudunta a kilomita 290 a awa.

Ba ta da giyar hannu, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai. Wani ɗan faifai ake murɗawa a zaɓi gaba ko baya, kamar na murhun lantarki. Cikinta Mustang ce ta kowa da kowa da aka ɗan yi wa ado, robar ƙofa iri ɗaya da ta motar haya a filin jirgi. Amma ana shiga ba tare da an tuɓe hula ba, akwai kujerun baya da yara ƙanana za su zauna, but ɗin na ɗaukar akwati biyu, salansa kuma tana da yanayin shiru don kada ka tashi unguwa da asuba. Ka lura da wadda aka sa wa kunshin kabon na filin tsere, mai dala 18,500 a lokacin: an cire mata kujerun baya gaba ɗaya, ƙafafunta na kabon ne, kuma rami ɗaya na iya fasa ƙafar da kuɗinta ya isa sayen tsohuwar mota.

Babban abin haushinta tanki ne. Lita 61 ga injin da ke yin kimanin kilomita 5 a lita cikin gari, ƙasa da 8 a babbar hanya. Za ka san masu gidan man unguwarku da sunayensu. Baƙin mai ma fiye da lita 10 take sha a kowane canji, mai nauyin 5W-50.

Tunda an daina ƙera ta a 2022, ta hannu kaɗai za ka samu, kuma ba ta faɗi warwas a kasuwa ba don ba a yi ta da yawa ba. Garantin mafi yawansu ya ƙare ko yana dab da ƙarewa. Kayan jiki da na ƙafa suna samuwa cikin sauƙi saboda dangantakarta da sauran Mustang, amma giyar ta musamman ce, ba a buɗe ta a gyara a ko'ina. Babban abin dubawa shi ne ko an taɓa kwamfutar injin ko an canza fulin sufacaja don ƙara ƙarfi. Masu irin wannan motar suna yawan yi, wasu kuma su mayar da komai yadda yake kafin su sayar.

Challenger Hellcat Redeye

Wannan ba ta ɓoye abin da take ba. Gangar jikinta ta 2008 ce, da wasu sassan ƙafa da suka samo asali daga Mercedes tun zamanin haɗakar Daimler da Chrysler. Injin HEMI ne mai bulo na baƙin ƙarfe, bawul biyu a kowace silinda, tsohon tsari da aka ɗora wa sufacaja mai lita 2.7. Abin dariya, wannan da ta fi kowacce kamannin Amurka a Brampton ta Kanada aka harhaɗa ta, injinta kuma daga Saltillo ta Meziko. Hellcat ta farko ta fito a 2015 da dawakai 707, Redeye ta gaji kayan Demon, wata Challenger ta tseren miƙaƙƙen layi, ta kai 797, aka rufe layin a Disamba 2023.

A miƙaƙƙen layi abin tsoro ce. Idan taya ta kama, tana cin rubu'in mil cikin daƙiƙa 10.8, gudunta na ƙarshe kilomita 327 a awa, sama da na sauran biyun. Dabararta ta zafi ma ta miƙaƙƙen layi ce: tana karkatar da sanyin na'urar sanyaya ɗaki zuwa sanyaya iskar da ke shiga inji, kai ka sha gumi injin ya sha sanyi, na ɗan lokaci. Dodge da kanta ta ce idan aka take totur har ƙasa, motar na shan fetur kimanin lita 5.4 a minti, wanda a lissafi zai ƙarar da tankin lita 70 cikin kimanin minti 13. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A kwana kuwa tan biyu tan biyu ne. Tana kwanciya, birki na gajiya, taya na narkewa. Wadda ba Widebody ba, wato ba mai faffaɗan jiki ba, tayarta milimita 275 ce kawai, ga Nm 959, kamar a ɗaura wa ingarma linzamin jaki. Idan Redeye za ka saya, Widebody mai taya 305 ita ce ta hankali.

Inda ta yi wa sauran fintinkau shi ne zama. Kujeru faffaɗa masu laushi, babba zai iya zama a baya, but mai lita 459, giyar otomatik ƙirar ZF da ba ta fizga a cunkoso. Daga Houston zuwa Dallas da iyali, ita kaɗai ce ba za a sauka ana miƙa ba. Makulli biyu take zuwa da su, ja da baƙi. Ja yana buɗe dawakan duka, baƙi yana tsayar da su a 500. Wanda ya fi son giyar hannu sai ya sauka zuwa Hellcat ta dawakai 717, don Redeye otomatik ce kawai.

A ƙarko ita na fi yarda da ita. Injin mai sauƙin tsari ne, an yi shi da yawa shekara da shekaru a Challenger, Charger, Jeep Trackhawk da Ram TRX, bakanikai sun san shi ciki da bai, giyar kuma ta yi suna wajen juriya. Matsalar ba motar ba ce, hannun da ta fito ne. Hellcat da yawa sun sha ƙona taya da tseren dare.

Sai ɓarayi. A rahoton da cibiyar HLDI mai tattara bayanan inshora ta fitar a 2023, 'yar'uwarta Charger Hellcat ce ta zo ta ɗaya a motocin da aka fi sacewa a Amurka, da ninki sama da 60 a kan matsakaiciyar mota. Abin ya kai Dodge ta fito da tsarin lambar sirri mai lamba huɗu, wanda idan ba a shigar ba injin ba ya ba da ko dawakai uku. Kamfanonin inshora sun san wannan labari, kuma a kuɗin wata-wata za ka gane sun sani. Na ce wa ƙanena kafin ya ba dila ko sisi, ya kira inshora ya karanta musu lambar jikin kowace mota cikin ukun, ya ji abin da za su ce. Wanda ba shi da gareji mai kulle, ya sake tunani.

Haɗarin da ke kan kujerar direba

Duk ukun tayoyin baya ke tura su, kuma Z06 da GT500 suna zuwa da tayar bazara da ke taurarewa idan sanyi ya yi tsanani. Mai zama a Chicago ko Minnesota ya san cewa motar wata bakwai ko takwas ya saya, sai ya tanadi wata ta hunturu. A hannun sabon shiga, Hellcat da GT500 sun fi saurin juya baya idan aka taka totur sitiyari bai miƙe ba, musamman a kan kwalta mai laima. Z06 ta fi riƙe ƙasa, amma ranar da ta saki, a gudu mai yawa za ta saki kuma cikin sauri, don haka mota mai inji a tsakiya take. Kamfanonin uku duk sun haɗa masu sayen sabuwa da makarantar tuƙi, Chevrolet a Spring Mountain ta Nevada, Ford a Charlotte, Dodge a Arizona. Mai sayen ta hannu ya biya da kansa ya je. Kuɗin bai kai na taya huɗu da gyaran bamba ba. Maɓallin kashe na'urar hana santsi kuwa, a kan titin jama'a, ka ɗauka babu shi.

Idan niyyarka ka turo ta gida

Sitiyarin hagu ne, wannan ba matsala. Matsalar fetur ce. Amurka da Najeriya ba lissafin oktan, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi a cikin inji, ɗaya suke yi ba. Mai lamba 91 zuwa 93 da motocin nan ke buƙata a famfon Amurka ya yi daidai da kimanin 95 zuwa 98 a lissafin RON da Najeriya ke amfani da shi, fetur ɗin da aka ƙayyade a Najeriya kuwa 91 ne a wannan lissafin, kusan daidai da mafi arahar fetur a Amurka. Kwamfuta za ta rage wuta don kare injin, amma a zafin watan Afrilu, da ƙafa mai nauyi, kariyar na da iyaka. LT6 mai matse iska da fetur ninki 12.5 da injinan sufacaja biyun duk ba sa son wannan. Ƙara da tudun rage gudu, da rashin tayar 345 a kasuwa, da na'urar binciken da giyar kulochi biyu ke buƙata. A ukun, Challenger ce za ta fi jurewa.

Motocin gwanjo na Copart da IAA da ake lodawa zuwa Legas ko Kwatano da yawansu inshora ce ta yafe su, wasu haɗari, wasu ambaliya irin ta guguwar Harvey da ta cinye Houston a 2017. Corvette firam ɗinta na alminiyam ne, ba a buga shi da guduma a miƙe. Araha ba ta ado. A binciki lambar jiki a Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota, a kuma biya bakanike mai zaman kansa ya ɗaga motar ya duba kafin a tura kuɗi.

Wa ya dace da wacce

Idan kana da wata motar ta iyali, kana da gareji, kuma abin da ke ranka shi ne kwana da birki da zuwa filin tsere sau da yawa a shekara, Z06 ce taka, da na'urar ɗaga hanci, sabuwa ko mai sauran garanti. Kunshin Z07 mai birkin kabon da taya mai laushi na mai zuwa filin da gaske ne, a titi wahala da kuɗi kawai zai ƙara maka. Idan siffar Corvette da saurin tashinta kake so ba kukan juyi 8,600 ba, Corvette ta gama-gari, wato Stingray mai dawakai 495, tana kai kilomita 96 cikin daƙiƙa 2.9, ta riga GT500 da Redeye ke nan, da tsohon injin lita 6.2 da kowane bakanike ya sani, a farashin da ya fara daga dala 59,995 a 2020.

Idan mota ɗaya kake so da za ta yi filin tsere ran Asabar ta kai yara makaranta ran Litinin, kuma ba ka ƙi tsayawa gidan mai kowane kwana uku ba, GT500 marar kunshin kabon, wadda ba a taɓa kwamfutarta ba, da takardun sabis a hannu.

Idan hanyoyinka dogaye ne miƙaƙƙu, kana ɗaukar manya a baya, gurnani da naushin totur su ne daɗin a wurinka, ko kuma kana tunanin wata rana motar za ta hau jirgin ruwa, Redeye Widebody, da gareji mai kulle da na'urar bin sawu.

Ƙanena yana da mata da yara biyu, gidan haya yake zaune, motarsa a fili take kwana, kuma bai taɓa taka filin tsere ba. Na ce masa Z06 ba ta da wurin yaran, Hellcat ba ta da wurin kwana. Ya yi shiru, sannan ya ce zai kira inshora a kan shuɗiyar gobe da safe.